Zazzaɓin Akwatin Madara na Abbare

Majidaɗi, Jalingo
Ƙarshen watan Maris

Zuwa ga Adda Jemima,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman cikin ruwa? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya koro kowa kwana tsakar gida. Inna tana gaishe ki, ciwon ƙafarta ya yi sauƙi.

Na san za ki ce wace ce wannan. Ni ce Hamna, 'yar Inna Bushra. Kakata da kakanki uwa ɗaya uba ɗaya suke, kin ga Innata da Mama Victoria taubasai ke nan. Sau ɗaya muka haɗu, a bikin Hamma Tobiya a Yelwa, kika ɗaga ni na leƙa amarya ta taga. Mama Victoria ce ta ba ni adireshinki na imel. Ta ce ke injiniya ce a jirgin ruwa, kina kula da na'urorinsa, kuma idan na kawo miki tambayar waya da kwamfuta za ki fi saurin amsa mini fiye da ita da ta haife ki.

Ga abin da ya kawo ni. Matan da ke sayar da madara a Abbare sun yi ƙungiya, sun samu tankin sanyaya madara mai aiki da sola. Kowace takan zuba tata da safe, da yamma Malam Abbo mai yin yogot ya zo ya kwashe. Ni na karanta kwamfuta, sai shugabarsu Hajja Dudu ta ce in yi musu abin da zai riƙa gadin tankin. Na haɗa ɗan akwati. A ciki akwai ƙaramar kwamfuta, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, da ma'aunin sanyi da na zura cikin tankin, da ƙararrawa. A gabansa akwai ɗan sikirin da ke nuna shafin da na rubuta: lambar sanyin, da hoton saniya, kore idan lafiya, ja idan madara ta fara ɗumi. Mai waya ma zai iya buɗe shafin idan yana kusa.

To Adda, akwatin nan zazzaɓi yake yi. Ba kowa a kansa, ba mai buɗe shafin, aikinsa kawai ya duba sanyi ya rubuta, amma furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana aiki kashi casa'in cikin ɗari. Kamar mutum ne yana zaune a inuwa yana haki. Idan rana ta take sai ya yi zafi ya sandare. Makon jiya ya sandare, kuma a daidai lokacin injin tankin ya tsaya. Ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Kafin a ankara madarar mata duka ta tsinke.

Hajja Dudu ba ta yi mini faɗa ba, wannan ne ma ya fi yi mini ciwo. Cewa kawai ta yi, “Hamna, da yatsa muke dubawa da, kuma yatsa bai taɓa yin barci ba.” Malam Abbo kuwa ya ce idan aka sake zai koma saye a wani wuri.

Ni abin da ya hana ni sukuni shi ne: me yake yi? Abu yana zaune, me ke cin ƙarfinsa?

Ƙanwarki,
Hamna


Daga tashar jirgi
Farkon Afrilu

Hamna ƙanwata,

Kai, kin sa ni dariya ni kaɗai a ɗakin injin! Na tuna ki sarai, ke ce kika ɓata mini leshi da miyar taushe. Ina lafiya, mun gode wa Ubangiji. Ki gaida Inna Bushra da kyau, ki ce mata har yanzu ban ci dambu irin nata ba.

Ki sani tun yanzu, ba kullum nake da intanet ba. Idan jirgi ya fita, saƙo sai an dace.

Tambayarki ta yi mini daɗi. Irin wannan ciwon na fi so, wanda na'ura ke gumi ba ta ɗauki komai ba. Amma kada mu yi duba, mu auna. Kin ce furosesa tana casa'in, ba ki ce wa ke ci ba. Ki shiga akwatin daga laftof ɗinki, ki buɗe abin da ke nuna ayyukan da ke gudana, ki ga wane ne a sama.

Ga zatona. Na fi zargin wurin da kike karanta ma'aunin a cikin manhajar da kika rubuta. Sau da yawa mutum zai rubuta “duba, rubuta, koma ka duba”, ya manta bai ce “huta” ba. Sai na'ura ta yi ta tambayar ma'auni sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, alhali sanyin madara ba ya canzawa da wannan gaggawa. Idan ba nan ba ne, ki duba wurin da kike ajiye bayanan, ko yana sake karanta duk abin da aka taɓa rubutawa kowane lokaci.

Sannan ki gaya mini, akwatin na ƙarfe ne ko na roba? A ina kika kafa shi? Yana da fanka? Kuma wannan Hajja Dudu, ita ce wadda gidansu ke kusa da tsamiya, ko wata ce daban? Ina jin kamar na san ta.

Addarki,
Jemima


Majidaɗi

Adda Jemima,

Useko, na gode ƙwarai. Saƙonki ya same mu lafiya. Da na karanta wa Inna zancen dambu sai ta ce, “Ai ku ne kuka guje mu, kun bi ruwa kamar agwagi.” Ni ma na ce haka ne, 'yan gudun gida ba su da bakin yabon dambu. Hajja Dudu kuma ita ce ta gindin tsamiya, ta ce a gaishe da 'yar Victoria mai kwance rediyon mutane.

Na yi abin da kika ce, kuma zatonki bai faɗa ba, Adda. Wurin karanta ma'auni yana hutawa yadda ya kamata. Shi da ma'ajiyar bayanai da manhajar da ke aika shafin, gaba ɗayansu ba su cin kashi huɗu. Wadda ke zaune a sama ta hana kowa motsi ita ce burauza, wadda ke nuna shafin a kan ɗan sikirin ɗin akwatin. Ita kaɗai tana cin tamanin da wani abu.

Sai a nan na ga kuskuren maganata ta farko. Na ce miki ba mai buɗe shafin. Ashe akwatin da kansa a buɗe yake riƙe da shi, dare da rana.

Na ce to, wataƙila shafin ne ke yawan tambayar sabuwar lamba. Na rage tambayar sosai. Ko gezau. Na hana shi tambaya ɗungurungum, har lambar ta tsaya cak, amma furosesa tana nan tana haki. Na buɗe farin shafi wanda ba komai a kansa, sai ta sauko ƙasa kamar an zuba mata ruwa. Ke nan abin yana cikin shafina, amma shafin lamba ɗaya ne da hoto ɗaya. Na karanta abin da na rubuta har idona ya yi ja, ban ga laifinsa ba.

Amsar sauran tambayoyinki: akwatin na roba ne, yana jikin bango ƙarƙashin kwano, kuma yana da ƙaramar fanka. Ni na rubuta ɗan tsarin da ke ƙara mata gudu idan zafi ya ƙaru.

Yanzu kullum da hantsi nakan hau keke mai ƙafa uku in tafi Abbare in zauna gefen tankin har la'asar, don kada a maimaita.

Hamna


Hamna, muna fita yanzun nan, ba lokaci. Na gane! Ki tsayar da duk abin da ke motsi ko juyawa, ki sake aunawa. Kada ki ji tausayinsa. Sauran bayani daga baya. J.


Majidaɗi
Tsakiyar Afrilu

Adda,

Ina fatan kun fita lafiya. Mu nan lafiya, an yi yayyafi sau ɗaya ya ƙara mana zafi.

Na daɗe ina kallon saƙonki. Abin da ke juyawa a akwatin nan ɗaya ne, fanka. Da farko na yi mamaki, sai na tuna ni na rubuta tsarin da ke sarrafa gudunta, na ce wataƙila akwai wata hanya da yake takura wa burauza wadda ilimina bai kai ba. Kin kuma ce kada in ji tausayi. Na cire wayar fankar da safe.

Furosesa ba ta sauko ko kashi ɗaya ba. Na ce bari in ba ta lokaci. Matan suka zo wanke ƙorai, muka shiga hira, hankalina ya ɗauke. Can sai Hajja Dudu ta ce, “Hamna, wani abu na ƙauri.” Na taɓa akwatin, na janye hannu ba shiri. Sikirin ya yi baƙi. Da ya huce na kunna, ya ƙi tashi. Katin memori ya lalace, da duk abin da ke kansa.

Madara ba ta ɓaci ba, don ina wurin. Amma labari ya kai wa Malam Abbo. Ya zo da yamma ya tsaya yana kallon gurbin da na cire akwatin, ya ce wa Hajja, “Ni ba ruwana da ilimin yarinyar nan, madara mai sanyi nake so.” Matan sun ce za su zauna ranar kasuwa mai zuwa su yanke shawara ko a mayar da akwatin ko a haƙura da shi.

Adda, me kika gane ɗin? Ban ce laifinki ba ne, amma na bi maganarki kuma ga inda na tsinci kaina. Don Allah ki ba ni sauran bayanin.

Hamna


Majidaɗi

Adda Jemima,

Shiru har yanzu. Ina fatan lafiya. Na je wurin Mama Victoria a kasuwa, ta ce haka kike, sai ki ɓace kamar an haɗiye ki. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na koma na karanta wasiƙuna, na ga inda na kira ki 'yar gudun gida. Wasa ne irin na taubasai, na ara daga bakin Inna. Idan ya yi miki zafi, ki yafe. Da kuma inda na ce na bi maganarki na shiga uku, wannan zafin rana ne ya rubuta.

Amma ba wannan ne babban labarin ba. Adda, na kama ɓarawon!

Na samo sabon kati, na mayar da fanka, na fara ɗora komai daga kwafin da ke laftof ɗina. Da shafin ya buɗe sai na ga lamba kawai, ba saniya, na manta ban kwafo fayil ɗinta ba. Na leƙa furosesa haka kawai, don sabo. Kashi biyar. Na ɗauka idona ne. Na kwafo saniyar, ta haura tamanin da takwas. Na cire ta, biyar. Na yi ta sakawa ina cirewa ina dariya, har wata mata ta tambayi Hajja da Fulatanci ko lafiyata ƙalau.

Abin da ban taɓa gaya miki ba, don ban ɗauke shi komai ba, shi ne saniyar tana kaɗa wutsiya. Ni na zana ta, na sa wutsiyar tana lilo ba tsayawa, da ɗan inuwa mai laushi a ƙarƙashinta don ta yi kyau.

Sai dai ga sabuwar matsala. Na tsayar da wutsiyar na kira Hajja ta gani. Ta duba ta ce, “Wannan ai ta mutu.” Na ce lafiyarta lau, ga lamba nan. Ta ce, “Yawancinmu ba ma karanta lamba, 'yata. Daga bakin ƙofa muke hangowa. In tana kaɗa wutsiya mun san abin yana raye, sai mu tafi harkarmu.” Gaskiyarta kuwa, don haka na sa wutsiyar tun farko, sai ni da kaina na manta.

Yanzu tambayoyina biyu. Yaya wutsiya guda za ta fi ƙarfin kwamfuta, alhali a wayata shafin nan ba ya cin komai? Kuma yaya zan yi da saniyar da in ta motsa ta kashe akwati, in ta tsaya mata su ce ta mutu?

Na roƙi matan su ɗaga zamansu, sun yarda.

Hamna


Daga cikin teku
Farkon Mayu

Hamna,

Yau saƙonninki biyu suka shigo tare. Na karanta na farko na dafe kai na ce wayyo fanka! Abin da ke motsi a kan shafin nake nufi, ba a cikin akwatin ba. Da kika ce farin shafi ya sauko da ita, na san akwai abin da ake ta sake zanawa. Ana kirana a sama, na rubuta rabin magana na tura. Ki yi haƙuri da katinki da kuma kunyar da kika sha gaban Malam Abbo. Zancen 'yar gudun gida kuwa, na nuna wa abokan aikina muka sha dariya. Wa zai yi fushi don an kira shi agwagwa yana tsakiyar ruwa? Lafiyata lau, eriyarmu ce iska ta karkatar.

Sai na karanta na biyu na ga kin riga ni isa. Na ji daɗi har na buga tebur.

Ga dalilin. Motsin da ido ke gani a sikirin ba motsi ba ne, hotuna ne ake zanawa ɗaya bayan ɗaya, wajen sittin a kowace daƙiƙa. Wayarki tana da wani sashe na musamman da aikinsa ke nan, zane. A ƙaramar kwamfutarki, da alama burauza ba ta samun taimakon wannan sashen, sai ta jibga wa furosesa. Inuwar nan mai laushi kuma ita ce mafi nauyi, don kowane ɗigo nata sai an lissafa shi daga maƙwabtansa, wutsiya na gusawa a sake daga farko. Akwatinki bai taɓa zama ba, Hamna. Zanen wutsiya yake yi tun ranar da kika kunna shi.

Kafin ki yanke hukunci kan saniyar, ina so ki gwada mini abu ɗaya, don ni ma ina son sani. Ki mayar da wutsiyar yadda take, sannan ki zare wayar ma'aunin sanyi gaba ɗaya. Ki gaya mini abin da saniyar ta yi.

A wannan karon na karanta wasiƙar sau biyu kafin in tura. Wayar ma'auni na ce. Ki bar fanka ta sha iska.

Jemima


Abbare
Watan Mayu

Adda,

Alhamdu lillahi da jin lafiyarki. Inna ta ce a gaya miki ta daina kiranki agwagwa, yanzu kifi ce ke. Damina ta fara sauka, duwatsun Kona sun yi kore.

Na yi gwajin a gaban Hajja Dudu. Na zare wayar ma'aunin na riƙe a hannu. Saniya ta ci gaba da kaɗa wutsiya hankali kwance, kore shar. Hajja ta kalli wayar, ta kalli sikirin, ta ce, “Ashe ko an yanke mata jijiya rawa za ta yi ta yi mana?” Na ce haka ne. Duk watannin nan abin da suke hangowa daga ƙofa bai da alaƙa da madararsu.

To na sake ta. Na cire inuwar. Yanzu saniyar tsaye take cik, sai lokacin da sabon awo ya iso daga tanki ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, kamar ta kori ƙuda, ta koma ta tsaya. Idan awo ya daina zuwa, wutsiya ta daina, hoton ya koma toka-toka, ƙararrawa ta yi ƙara. Furosesa tana kashi bakwai. Da tsakar rana na ɗora tafin hannuna a kan akwatin, ɗuminsa bai kai na goshin mai lafiya ba.

A zaman matan ban yi dogon bayani ba. Na ce kowace ta zo ta zare wayar da hannunta. Suka yi layi suna zarewa, ƙararrawa na ihu, suna shewa. Wata tsohuwa ta ce wannan saniyar ta fi ta farko hankali, waccan kamar mai aljanu take. Suka ce a bar akwatin zuwa ƙarshen damina a gani.

Shekaranjiya kuma aka gani. Hadari ya rufe rana tun safe, batir ya yi ƙasa, injin tankin ya tsaya. Ina gida a lokacin. Hajja ta ce tana shanya a bayan ɗaki ta ji ƙara, ta leƙo ta ga saniya ta yi ja. Ta kira Malam Abbo, ya zo da wuri ya kwashe madarar da sauran sanyinta. Da zai tafi, wai ya tsaya gaban sikirin yana jira sai da ya ga an kaɗa wutsiya, sannan ya ce, “To, madalla,” ya hau babur. Daga bakinsa wannan babban yabo ne.

Abu ɗaya ya rage. Na lissafa duk abin da ya kamata ya ci ƙarfi, na samu biyar. Amma bakwai nake gani. Akwai kashi biyun da ban san mai cinsu ba, kuma sukan zo su tafi. Ba sa cutar da komai, sai dai suna cina.

Mi yetti, na gode, Adda. Allah ya saka da alheri.

Hamna


Daga tashar jirgi

Hamna,

Na gode wa Allah, na kuma yi alfahari da ke. Mun shigo tasha lafiya. Na nemi hutu an ba ni, kuma a wannan karon ba a Fatakwal zan cinye shi ba. Na gaya wa Mama ina tafe.

Kashi biyun nan sun hana ni sakat tun da na karanta. Ina da zato uku, amma kin ga yadda zatona na farko ya ƙare, don haka ba zan rubuta ko ɗaya ba. Ina so in zauna gefen tankin nan in gani da idona. Ki yi mini alkawari: kada ki taɓa su, kada ki bincika. Ki ajiye mini su har in iso.

Addarki,
Jemima


Majidaɗi

Adda,

Wasiƙarki ta makara, na riga na gano su jiya. Amma ban gyara ba, kuma ko Inna ba zan gaya wa ba. Ki zo da zatonki ukun, mu ga ko akwai na gaskiya a ciki. Ki faɗi ranar, ni da Mama Victoria za mu tsaya miki a tashar mota.

Hamna